Abin da jan biro ya koya mini a feɗe waƙa

A shekarata ta biyu a sashen Hausa aka ba mu jinga, kowa ya ɗauki rubutacciyar waƙa ɗaya ya feɗe ta. Kwana uku na yi ina tsince-tsince. Duk inda na ga "kamar" ko "tamkar" sai in ja layi in ce kamantawa. Inda aka ba iska baki in ce mutuntarwa, inda aka mai da mutum kura in ce dabbantarwa. Na cika shafi huɗu. Da takardar ta dawo, tambaya ɗaya malaminmu ya yi ta maimaitawa da jan biro a ƙasan kowane shafi: "To, wane aiki ya yi wa waƙar?"

Na bi shi ofis, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai duk adon harshen na fitar." Ya ce, "Ka fitar, amma shanya su ka yi kamar kayan koli. Zauna." Sai ya tambaye ni me ke cikin gamji, kirarin Sardauna Ahmadu Bello, wanda babu shi cikin giwa, alhali duk siffantawa ce, wato kiran mutum da sunan wani abu kai tsaye ba tare da "kamar" ba, kuma duk manya ake yi wa. Na daɗe shiru kafin in gane. Giwa nauyi ce da kwarjini, in ta taho kaucewa ake yi. Gamji kuwa tsaye yake wuri ɗaya, mutane ke zuwa su fake a inuwarsa. Mawaƙin da ya zaɓi gamji ya riga ya faɗi irin mulkin da yake yabo tun bai ambaci mulki ba. Ni kuwa da duk su biyun suna ɗaya zan ba su in wuce.

Darasi na biyu ya fi ba ni wuya, shi ne na kari, wato awon da baitocin waƙa ke tafiya a kai. Rubutacciyar waƙarmu ta ari ma'aunin arulin Larabci, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara, shi ya sa muke maganar karuruwa irin su Kamil da Basiɗ da Wafir da Mutaƙarab. Awon kuwa a kan gaɓa yake, mai nauyi da marar nauyi. To, rubutun boko ba ya nuna dogon wasali. Garin da ake zama cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya, amma gaɓar farko ta na tuwo mai nauyi ce, ta ɗayan kuwa marar nauyi. Ni da ido nake yanka ɗango, wato layin baiti, don haka sai in riƙa ganin karaya inda babu ita, har na taɓa rubuta cewa wani babban sha'iri ya karya kari. Malam bai yi mini faɗa ba. Rera baitin kawai ya yi sau biyu yana buga yatsa a tebur, sai ga kowace gaɓa ta faɗa gurbinta. Ya tuna mini cewa Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da kunne ya auna baitocin Imfiraji, wasu suka rubuta masa. Kunyar da na ji ran nan ta yi mini amfani, domin tun daga lokacin ban sake yanke wa baiti hukunci ba sai na ji shi a bakina.

A ƙagaggen labari ma tambayar jan biron ce ta bi ni. Kowa ya iya cewa Magana Jari Ce labari ne cikin labari. Abin da ya kamata a gani shi ne aku ba don hira yake zuba labaran ba, yarima Musa yake tsarewa kada ya fita, don haka tsawon kowane labari lokaci ne ake saye.

Yanzu ina koyarwa a sakandare, kuma na ga ɗalibaina suna da irin gaggawata, domin sunayen adon harshe ake tambaya a jarrabawa. Ba na hana su haddacewa, suna bukatarta. Amma ranar waƙa nakan ce su rufe littattafai tukuna. Makon jiya na rera musu baiti, da gangan na gajarta wasali ɗaya. Wata yarinya a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ka yi tuntuɓe a ɗango na biyu."