Akwatin kifi ba kwanon tuwo ba ne da za a darje shi

Satin da ya wuce wata Hajiya ta kira ni daga unguwar Zariya nan Maraɗi, da yake gyaran akwatin kifi ne sana'ata, wai kifayenta goma sha biyu sun mutu dare guda. Da na je me zan gani, akwaryum, wato akwatin kifin, ya yi fes yana walƙiya, ashe wani yaro ta samu ya canza mata tsarin ciyawa a jikka biyu, ya kwashe komi ya wanke da omo har soson filtir, matatar ruwan. Ni da tun farko na ce mata jikka takwas sai da ta ce "haba ɗana, wankin gilas ne fa".

Ai ba wankin gilas ba ne Hajiya. Wannan dauɗar ruwan ƙasa-ƙasa da ke cikin soso da tsakuwa ƙwayoyin halitta ne a ciki, su ke cinye gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi. Ruwan pampo kuwa akwai jabel ciki, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, da ka wanke soson da shi ka kashe su, sai an yi sati huɗu zuwa shida kafin su dawo daidai.

Ni ma a Kano na koya, kuma da mari na koya. Maigidana ya tarar na tura wa filtir ruwan pampo, ranar ban ci abincin rana ba, ya sa ni zama gaban akwatin ina kallon kifi suna haki a saman ruwa. Har yau in na kama soso sai na tuna hannunshi.

Yanzu in zan sake tsari, tun jajibiri nake tara sabon ruwa a bido ya kwana a buɗe jabel ya fice. Da safe in ja rabin tsohon ruwan da tiyo cikin bokiti, kifi su koma ciki da ɗan injin iska, a inuwa, don zafin Maraɗi watan Afrilu ya wuce digiri 40 kuma kuran na iya tafiya ko yaushe, shi ya sa ba na fita ba batir. Gansakukar gilas da reza nake kankarewa, soso kuma a tsohon ruwan nake matse shi sau biyu ukku, shi ke nan.

Wajen dashe ne hannu ke nuna kanshi. Ciyawar Anubiyas, wadda asalinta ma ta yankinmu ce na Afirka ta Yamma, ba a binne gindinta, ruɓewa take, da zare nake ɗaure ta jikin icce ko dutse. Balisneriya mai dogon ganye baya take zama ta rufe tiyo da waya. Dutsen da mutane ke tsintowa bakin Gulbi sai na ɗiga mishi binegar, in ya yi kumfa ba ya shiga. Icce kuma in dafa shi, in ba haka ba ruwa ya koma kamar shayi.

Ciyawar ma wahala ce, mai kawo min daga Kano sai ya naɗe ta a leda ba ruwa, ta biyo ta Jibiya cikin rana, rabi ta iso a dafe, kuma ya ce a biya duka.

Hajiya dai mun sake mata tsarin, na ce kar ta sa kifi sai bayan wata guda. Jiya ta bugo tana tambaya ko za a iya sa ko da ƙwaya biyu ne saboda jikoki na zuwa Juma'a.