Ziyarar Hebburn, garin da aka ƙera jirgin yaƙi Kelly

Daga Newcastle jirgin ƙasa na Metro na hau, muka tsallaka kogin Tyne, kafin wani lokaci sai ga Hebburn. Gari ne na masu ƙera jiragen ruwa, amma sana'ar ta mutu. Ƙanina da ke karatu a can ya ce, "Yaya, duk faɗin Ingila ka rasa wurin zuwa sai maƙabarta?" Na ce masa ya ja zif ɗin rigarsa mu tafi, don iskar kogin ba ta san baƙo ba.

A nan kamfanin Hawthorn Leslie ya ƙera jirgin yaƙi HMS Kelly. Daren 9 ga Mayun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a Tekun Arewa, wani ƙaramin jirgin ruwan Jamus ya harba masa tofido, wato bom mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, ya fasa shi a tsakiya, mutum 27 suka mutu. Jirgin ya karkace, ruwa na wanke bisansa. Aka ba kyaftin ɗinsa, Louis Mountbatten, shawarar a nutsar da shi a huta. Ya ce atafau. Ya sa aka zubar da kaya masu nauyi cikin teku, aka kwashe yawancin sojoji, ya rage shi da 'yan tsiraru. Wani jirgin yaƙin, HMS Bulldog, ya ɗaura masa igiya ya fara ja, tafiyar hawainiya, jiragen saman Jamus na ta kawo farmaki. Sai da aka shafe wajen awa 90 kafin ya shigo Tyne, ya koma hannun waɗanda suka ƙera shi.

Masu tarihi da dama na ganin Mountbatten da ganganci da son a gan shi, kuma ban ƙaryata su ba. To amma a wannan karon taurin kan nasa ya yi rana. Ni dai waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda suka kwana a jirgin da kowa ya fitar da rai da shi, da maƙeran da haɗinsu ya ƙi ɓallewa.

A maƙabartar garin, sunayen mamatan Kelly na jere a jikin dutse, ciyawa a share tsaf. Ƙanina ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sannan ya tambayi ina jirgin yake yanzu. Na ce an gyara shi ya koma fagen fama, jiragen saman Jamus suka nutsar da shi kusa da tsibirin Kirit ranar 23 ga Mayun 1941. Ya ce, "Kai! Shekara guda kacal?"