Ranar da tayar baya ta wuce ni

Motar ba tawa ba ce. Ta wani yayanmu ce da ya daɗe a Bronx ta Amurka, ya dawo Kumasi da ita cikin kwantena: tsohuwar Ford Mustang ta 1990, mai injin lita 5 da giyar hannu. Ni na yi aikin injinta a shagonmu na Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ni ne kuma a bayan sitiyari ranar da bak-aksul ɗinta, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya yana juya su, ya watse, saboda haka ina da bakin magana.

Tseren irin na miƙaƙƙen layi ne, mota biyu kafaɗa da kafaɗa, mita 402, a wani fili mai kwalta bayan gari da masu shi suka rufe mana. Inji dai lafiya lau, ba sai na ɓata muku lokaci a kansa ba. Damuwarmu ɗaya ce: da an saki kuloci sai tayar dama ta kama juyi a wuri ɗaya tana hayaƙi, ta hagu tana barci, domin faya-fayan da ke riƙe tayoyin biyu tare a cikin tukunyar bak-aksul sun cinye. Na ce wa Yaya a yi haƙuri a aiko mana da sababbi daga Amurka. Ya ce to.

Ashe ana saura kwanaki, ina can Aboabo wajen wata hidimar dangi, abokansa suka zuga shi, suka kai motar wurin wani mai walda, ya buɗe tukunyar ya narka ƙananan giyoyin ciki ya haɗe su dunƙule guda. Suka rufe, suka zuba man giya, suka ƙara da sababbin tayoyi masu faɗi da laushi, suka yi shiru. Tirela aka ɗora ta zuwa filin, da a ce na tuƙa ta na sha ko kwana ɗaya a hanya, da na ji tayar ciki tana ƙugi. Mutum huɗu ko biyar sun san abin da aka yi, kuma duk suna tsaye suna kallona ina ɗaura bel ina sa hular kwano. Wannan shirun shi ne har yau yake cina.

Na taka totur, na saki kuloci, motar ta cafke kwalta irin yadda ba ta taɓa yi ba, bayanta ya ɗan yi tsalle-tsalle sannan ta miƙe. Har na ji daɗi. Ina jefa giya ta biyu sai na ji ƙara, kau, daga ƙarƙashin kujera, motar ta fizge gefe guda. Kafin in daidaita ta, bayanta na dama ya zauna ƙasa, birki ya tafi har ƙasa ba ƙarfi, sai ga taya ta wuce ni ta taga, da gangar birkinta da karyayyen shaf, sandar da ke juya ta, a jiki, ta nufi inda yara suka jeru da wayoyi suna ɗaukar hoto. Motar ta juya da ni ta daki tudun jar ƙasa da ke gefe. Ni kafaɗa ce da haƙarƙari kawai, inda bel ya riƙe ni. Tayar kuwa ta bi ta tsakanin yaro da yaro ta je ta fasa katangar bulo. Allah ne ya tsare, ba dabarar kowa ba.

Da muka buɗe tukunyar a shago muka ga walda, sai da na fita waje na sha iska kafin in iya magana. Yaya ya biyo ni yana cewa, "Masta, kowa fa haka yake yi." Na ce, "Yaya, girmanka ne, amma da ka faɗa mini da ban hau ba."

Ga abin da mai waldar bai sani ba, ko ya sani bai damu ba. Ƙarfin da inji ke bayarwa ba shi ke isa taya ba, giya tana ninka shi. A wannan motar giya ta ɗaya 3.35 ce, bak-aksul 3.08, wato ana ninka murɗin injin fiye da sau 10 kafin ya sauka kan shaf biyu da kaurinsu bai kai wuyan hannuna ba. Muddin taya ɗaya tana iya sulɓewa, ƙarfin yana da ƙofar fita. Ka yi walda, ka ƙara taya mai kama ƙasa, ka toshe ƙofar ke nan, kuma duk sanda mota ta yi wannan tsalle-tsallen, shaf ɗin da tayarsa ta fara dira shi kaɗai ke ɗaukar dukan. Shaf ɗin wannan motar mai haƙora 28 ne a ƙarshensa, inda yake shiga cikin giyar tukunya, na yawon gari. Ba a yi shi don haka ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne yadda tayar ta fita, kuma ina so duk wani fita, wato makanike, da ke taɓa motocin Amurka ya ji wannan da kyau. A irin wannan bak-aksul na Ford, wanda ake kira 8.8, abin da ke hana shaf zarewa waje wani ɗan kilif ne mai siffar kofaton doki, can ciki a ƙarshen shaf ɗin, cikin tukunya. Shi ke nan. A bakin taya boris ne kawai, shaf yana gudana a kansa, ba ya riƙe shi. To shaf kuma galibi kusa da haƙoran nan yake karyewa. Idan ya karye, kilif ya zauna riƙe da guntu, sauran duka ya zare ya tafi da taya. Da motar mai birkin faifai ce a baya, da wataƙila abin da ke matse faifan ya ɗan riƙe ta, amma tamu mai ganga ce, gangar ta bi taya, man birki ya zube. Shi ya sa masu tsere ke son tsohon bak-aksul na Ford mai inci 9, domin shi a bakin taya ake ɗaure shaf da faranti, ko ya karye taya tana nan.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun rubuta wannan a doka tuntuni. Hukumar tseren Amurka, NHRA, wadda aka kafa a 1951, ta wajabta shaf na musamman da abin riƙe shi daga waje ga duk motar da ke cinye layin cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka, da kuma duk motar da aka kulle tayoyinta biyu tare, komai sanyin gudunta. Motarmu ba ta kusa da daƙiƙa 11 ba, amma walda ta jefa ta cikin rukuni na biyu. Su da ke da kuɗi da injiniyoyi ma abin bai bar su ba: a 2010 a Arizona tayar baya ta fita daga motar direban tsere Antron Brown, ta tsallake ta kashe wata mata ’yar kallo. Mu kuma yaranmu ko igiya babu tsakaninsu da kwalta.

Da na wanke bakin karayar da kananzir, rabinta ya yi duhu, rabi yana ƙyalli. Duhun tsohon tsagu ne, ya daɗe yana ci a hankali tun motar tana can, waldar ta zo ta ƙarasa shi. Na zaro shaf na hagu, haƙoransa sun murɗe, ido ma yana gani. Shi ma layi yake jira. Saboda haka yanzu ko shaf ɗin hom-yus, na hannu da ake shigowa da shi daga waje, aka kawo mini daga cikin Magazine, komai kyan fentinsa, sai na jiƙa shi da kananzir, na goge, na shafa alli, in akwai tsagu man zai fito ya zana shi. Sannan in ja miƙaƙƙen layin fenti daga kai zuwa gindi kafin in ɗaura. Bayan an yi gudu a zaro a duba, layi ya karkace, shaf ya tashi aiki, kada a tsaya ciniki.

Kusoshin taya ma haka. A filin nan na ga wata mota an sa mata faranti a bayan rim don taya ta fito waje ta yi kyau, noti yana riƙe da zare uku ko huɗu kacal. Ƙa’idar mai sauƙi ce, kusa ta shiga cikin noti aƙalla gwargwadon kaurinta. A kuma ɗaure da sifana mai awo, a bar wannan hawa kan dogon bututu da yaran falkanaiza ke yi, yana miƙar da kusa ne har ta yi rauni.

Mutane da yawa sun zo mini jaje a Asawase, kusan kowa da maganar tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda, na kuma gode. Sai dai tsautsayin nan mutum ne ya ɗauki sandar walda ya yi shi, wasu suka biya shi, suka ɓoye wa direba. In za ka hau motar da ba a hannunka ta kwana ba, ɗaga bayanta da jak, ka sa ta a firi, ka juya taya ɗaya da hannu, ka sa yaro ya riƙe ɗayar. In ta ƙi rabuwa ko kaɗan, buɗe murfin tukunya ka gani da idonka. Aikin minti kaɗan ne.

Motar tana shago a kan bulo. Yaya ya yarda a yi yadda na ce tun farko: shaf masu haƙora 31 da tukunyar da ta dace da su, da abin riƙe shaf daga bakin taya, da dogayen kusoshi, sai zoben ƙarfe a kewaye da farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa bak-aksul, don in ta tsinke kada ta caki ƙasa. Kayan suna hanya. Na kuma gaya wa masu shirya tseren cewa ba zan ƙara kawo mota ba sai an mayar da ’yan kallo bayan layin tashi, an hana kowa tsayuwa a gefen hanya. Wasu sun ce hoto ba zai yi kyau daga can ba, muna kan maganar har yanzu.