Husufin Tauraro: Aikin Dare Ɗaya a Kaduna

Abin da muka fita nema ba ya ganuwa a na'urar hangen nesa irin tamu. Dunƙulen dutse da ƙanƙara ne da ke kewaya rana can bayan Neftun, dangin su Fuluto. Dabarar ita ce a zuba ido ga tauraron da dunƙulen zai gitta ta gabansa, a ga lokacin da tauraron ya ɓace ɗif da lokacin da ya dawo. Inuwar dunƙulen a doron ƙasa tana gudun kilomita 20 zuwa 25 a daƙiƙa guda, galibi saboda tafiyar duniyarmu, don haka ɓacewar daƙiƙa 30 na nufin faɗin kilomita 600 zuwa 750. Ta haka aka tabbatar akwai iska a Fuluto a 1988, aka gano zobban Chariklo a 2013 da na Haumea a 2017, waɗanda su ma dunƙulaye ne masu kewaya rana. A 2018 ma an yi irin wannan aikin a Senegal kan Arrokoth, wani dunƙule da ke bayan Neftun.

Kayanmu: na'ura mai madubin santimita 20 a kan ƙafa mai bin tafiyar taurari, kyamarar QHY174M-GPS, kwamfutar hannu da batirin mota. Janareta ba na wannan aikin ba ne. Girgizarsa na bin dabe har ta kai madubi. Hasashen lokacin husufin mun samo shi daga shirin masana taurari mai suna Lucky Star, kuma da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ake rubuta shi. Sai an ƙara awa ɗaya a sami lokacin Najeriya, kuma idan abin ya faɗo dab da tsakar dare, kwanan watan ma yana canzawa.

Kwana biyu kafin ranar muka yi gwaji a daidai sa'ar, a nan muka kama kuskurenmu na farko: tauraron da muka saita a kai maƙwabcinsa ne, wanda ya fi shi haske. Madubi yana juya hoto, taswirar hannunmu kuwa ba a juye take ba. Maganinsa shi ne a sa SharpCap, manhajar ɗaukar hoton, ya tantance ɓangaren saman da kyamara ke kallo da kansa, sannan a zana taurari uku na kusa a takarda.

Inda na fi damuwa shi ne agogo. Agogon kwamfuta na iya zamewa da daƙiƙa ɗaya ko fiye ba ka sani ba, kuma daƙiƙa ɗaya a nan kilomita 20 ce ta ɓata. Za a haɗa layinka, wato faɗin inuwar da ka auna daga inda kake, da na wasu masu kallo a wasu ƙasashe don a fitar da siffar abin; layi mai gurɓataccen lokaci yana karkatar da aikin kowa. Shi ya sa muke kunna GPS ɗin kyamarar, mai ba da sahihin lokaci, tun da saura rabin awa, eriyarsa a fili, nesa da katanga, kuma ba ma fara ɗauka sai ya kama sosai.

Sai hazo. A Kaduna sararin ya fi kyau daga ƙarshen Oktoba, damina ta wuce, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba. Mu daren namu ƙura ta riga ta sauko, tana mayar da hasken gari kan na'ura. Mun so kowane hoto ya ɗauki rabin daƙiƙa, amma tauraron ya dusashe, dole muka kai shi daƙiƙa 2. Wannan ya sa kowane hoto ya haɗiye kusan kilomita 45, sai dai gara haka da hoton da ba a bambanta tauraro da yayyafin kyamara, wato ɗige-ɗigen da take haifarwa da kanta. Mun ɗauka a tsarin bidiyo na SER, minti biyar kafin lokacin da minti biyar bayansa, saboda zobe ko ƙaramin wata na iya gittawa a gefe. Kada kowa ya taɓa na'urar, kada a kunna tocila.

Tauraron bai ɓace ba. Mun auna haskensa da manhajar Tangra, muka kwatanta da taurari biyu na kusa. Raguwar da muka gani sau ɗaya ta shafi duka ukun, wato ƙura ce. Duk da haka mun aika rahoto washegari, domin rashin ɓacewar ya nuna gefen inuwar bai kai inda muke ba, kuma da irin wannan ake taƙaita girman abin. Mun sa wurin tsayuwarmu daga GPS har da tudunsa, girman madubi, tsawon kowane hoto, yanayin hazo, da lokacin farawa da gamawa a UTC.