In Allah ya riga ya tsara, addu'ar ta mene ce?

Tambayar da ta fi zuwa mini tun da na fara koyar da ajin masu shirin baftisma ita ce: in Allah ne mai mulkin kome, ya san ƙarshe tun daga farko, ba kuma mai juya masa nufi, to me addu'armu za ta ƙara? Matasa ne ke yin ta a fili. Manya ba sa furtawa, sai dai ka gane ta ranar Laraba da yamma, lokacin taron addu'a, sa'ad da majami'ar da ta cika ta batse ranar Lahadi ta koma 'yan bencina na gaba.

A makarantar tauhidi an ba mu amsa, mai kyau ce kuwa: Allah da ya ƙaddara abin da zai faru, shi ya ƙaddara hanyar da zai faru, addu'a kuma tana cikin hanyoyin. Mun rubuta ta a jarrabawa, mun ci maki. Amma in na faɗa wa 'yan aji haka, kai kawai suke gyaɗawa. Ba sa gyara zama sai mun buɗe Daniyel sura 9.

Daniyel ya tsufa a Babila, tun yana saurayi aka kai shi bauta. A shekara ta fari ta sarautar Dariyus yana karanta littafin annabi Irmiya, sai ya ga Urushalima za ta yi shekara 70 tana kango, shekarun kuwa sun kusa cika. Ga magana daga bakin Allah, har da lissafinta. Nakan tsaya nan in tambayi aji, da ku ne me za ku yi? Kullum akwai mai cewa, "Malam, ai sai ɗaure kaya." Daniyel kuwa azumi ya shiga, ya sa tufafin makoki, ya zauna cikin toka, yana cewa "mun yi zunubi", bai ce "sun yi" ba, ya ƙare da roƙon kada Ubangiji ya yi jinkiri. In ka koma Irmiya 29, aya 10 zuwa 12, za ka ga dalili. Wasiƙar da ta yi alkawarin komowa bayan shekara 70, ita ce ta ce a sa'an nan za su kira ga Ubangiji, su yi addu'a, ya ji su. Ashe addu'ar Daniyel tana cikin alkawarin tun ran da aka yi shi.

Haka Iliya. A farkon 1 Sarakuna 18 Allah ya ce masa zai aiko da ruwa, har Iliya ya gaya wa sarki Ahab ya je ya ci ya sha, ruwa na tafe. Duk da haka ya hau Dutsen Karmel, ya sunkuya, ya cusa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa, yana ta aika baransa ya duba wajen teku, sai a karo na bakwai aka ga ɗan girgije kamar tafin hannu.

Wannan ne babban abin da nazari ya koya mini: a Littafi Mai Tsarki, waɗanda suka fi tabbata Allah ya riga ya yanke magana, su suka fi naci a roƙo. Yesu kansa ya ce Ubanmu ya san bukatarmu kafin mu roƙa, a Matiyu 6:8, aya ta gaba kuma sai ya koya wa almajirai yadda za su roƙa, har da abincin yini. Jon Kalbin ma, wanda ake jingina wa koyarwar ƙaddara fiye da kowa, babinsa a kan addu'a yana cikin mafi tsawo a babban littafinsa na 1559. A can ya ce da addu'a ake tono dukiyar da bishara ta nuna mana inda take.

Akwai misalin da kowa ke bayarwa, na manomi: Allah ke ba da amfani, amma sai ka ɗauki fartanya. Ina amfani da shi, sai dai ba ya kai ni gida. Fartanya ba ta san mai gona ba, addu'a kuwa magana ce tsakanin ɗa da Uba, Uban kuma yana da ikon ya ce a'a. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Wanda ya ɗauki addu'a kamar kayan aiki, shi ne za ka ji a taron kwana yana ba Allah umarni, har da sa masa wa'adi. Wannan ya fi damuna a kan na masu fashin Laraba, domin ɓarnarsa a kan raunana take sauka.

Na ga haka wajen wata gwauruwa 'yar zumuntar mata. Mijinta ya daɗe yana jinya, an yi azumi, an yi addu'ar dare, ya rasu. Wani cikin masu zuwa gaisuwa ya ce mata da bangaskiyarta ta kai, da bai mutu ba. Da na je, tana zaune a kan tabarma ta rufe kai da zane, ta ce, "Baba Fasto, ashe ni na kashe shi?"

Ayyukan Manzanni sura 12 na karanta mata. Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus, ya sa soja 16 suna gadinsa bi da bi, an ɗaure shi da sarƙa biyu. Ikkilisiya ɗaya ce, manzanni biyu, ɗaya ya mutu, ɗaya mala'ika ya fito da shi. Luka, marubucin littafin, bai ba da dalili ba, ni ma ban ƙara masa ba. Amma ya rubuta wani abu da ya wanke matar nan. Da Bitrus ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan Maryamu uwar Markus, inda ake tsakiyar yi masa addu'a, baranya Roda ta gane muryarsa, murna ta sa ta manta buɗewa, ta ruga ciki ta faɗa. Masu addu'ar suka ce mata ta haukace. Da ta nace, suka ce mala'ikansa ne. Na ce mata, "Mama, da ƙarfin bangaskiyar masu roƙo ke buɗe kurkuku, da Bitrus bai fito ba a daren nan. Sun roƙa, an ba su, suka bar shi a waje yana ta buga ƙofa."