Kada hannunka ya shiga bututun nan

Ƙannena da kuka zo Minnesota karatu ko aiki, ko ba daɗe ko ba jima za ku kama injin kwashe dusar ƙanƙara. A Minneapolis doka ta ba mai gida awa 24 bayan dusa ta tsaya ya share hanyar ƙafa ta gaban gidansa, shebur kuwa bayan mutum yake ci.

A shekarata ta biyu, wata safiya cikin Maris, dusa ta sauka jiƙe sharkaf, nauyinta kamar kwaɓaɓɓen siminti. Ban yi taku goma ba bututun da ke watso ta ya toshe. Na kashe injin, na ce shi ke nan, na zura hannu ina ƙwaƙulo dusar. Fankar ciki ta juya fir, kamar an saki kibiya. Ta yage safar hannuna, ta karya mini yatsan tsakiya. Har yau in sanyi ya tsananta yakan tuna mini.

Dattijon da ke maƙwabtaka da ni ne ya fahimtar da ni daga baya. Idan dusa ta danne fanka, bel ɗin da ke juya ta yana nan a ɗaure tamau ko da injin a kashe yake, da zarar ka cire abin da ya tokare sai ta saki ƙarfin a kan duk abin da ta samu. Ashe ɗan sandan robar da ke maƙale a saman injin don wannan aka yi shi, ni kuwa ado na ɗauke shi. Kashe injin, zare makulli, jira komai ya tsaya cak, sannan ka yi amfani da sandan. In babu shi, kan tsintsiya ya isa.

Kafin dusa ta sauka, kwashe tabarmar ƙofa da wayar wuta da jarida daga hanya. Tabarma ta taɓa naɗe haƙoran injina, ƙusar da ke riƙe su ta karye. Da gangan aka ƙera ta ta karye don giyar injin ta tsira, saboda haka ajiye biyu a gida, kuma kada wayo ya sa ka maye gurbinta da ƙusa mai tauri.

Jallabiya da dogon mayafin wuya, a bar su a ɗaki. Kada ka tada injin a rufaffen gareji, hayaƙinsa na ɗauke da iska mai guba marar wari. Juya bututun inda iska ta nufa, ban da wajen taga ko mota ko yara, don tsakuwa ma yana harbawa.

In bazara ta shigo, ƙarar da fetur ɗin da ke tanki. Na bar nawa wata bakwai, a Nuwamba kafireto ya toshe, na yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, ƙarshe dai shebur na ɗauka.