"To, me suka gani a jinin yaran?"

A shekarata ta ƙarshe a sashen kiwon lafiyar al'umma, jami'a ta tura mu wani ƙauye aikin mako 6. Mu 8 ne. Kowa da jakarsa cike da takardun tambayoyi, da ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake auna damtsen yara da shi: in ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. An ce mu ƙirga yara 'yan ƙasa da shekara 5 masu gudawa da masu tamowa, mu rubuta rahoto, a ba mu maki.

A gida na uku da na shiga, wata tsohuwa ta bar ni na gabatar da kaina, na karanta mata takardar neman izini har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sai da na buɗe biro ta ce, "'Yata, tsaya tukuna. Waɗanda suka zo bara suka huda wa jikokina yatsa, ba daga makarantarku suke ba?" Na ce daga can suke, Iya. Ta ce, "To, me suka gani a jinin yaran?"

Ba ni da amsa. Da daddare na tambayi Malam, shi ma ya yi shiru. Daga baya na je na nemo aikin a laburaren sashenmu: kundi ne mai baƙin bango, an rubuta shi da kyau cikin Turanci, kuma ya nuna yara da dama jininsu ya yi ƙasa. An yaba wa masu shi, sun gama karatu, sun tafi. Iyayen yaran kuwa ko kalma ɗaya ba ta koma musu ba.

Har yau wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai daga karatuna. An koya mana yadda ake neman izini da kyau, an sa mun haddace cewa mutum yana da 'yancin ƙi da 'yancin janyewa. An karantar da mu abin da ya faru a Tuskegee ta jihar Alabama a Amurka, inda daga 1932 zuwa 1972 aka riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ba tare da yi musu magani ba, ko bayan da allurar fenisilin ta samu. Duk muka girgiza kai, muka ce Allah ya kiyaye. Abin da muke yi bai kama ƙafar wannan ba, nesa ba kusa ba. Amma akwai wata jijiya guda da ta haɗa su: kallon mutane a matsayin wurin da ake ɗebo bayanai. Takardar izininmu ta faɗi abin da za mu karɓa dalla-dalla, babu layi ɗaya a kan abin da za mu mayar.

Darasi na biyu ya zo ne daga wani saurayi mai gyaran famfo. Mun shirya taron koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kafin mu rufe baki matan sun ƙarasa mana, sun daɗe da saninsa. Saurayin nan, da yake tsaye a gefe, ya ce in muna so ya nuna mana wani abu. Ya kai mu bakin wata rijiya da gefenta ya zube, ya nuna mana masai biyu a kan tudu sama da ita, ya ce duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, bayan kwana biyu ko uku a wannan ɓangaren ake fara kwanciya. Da muka ɗora gidajen masu gudawa a kan taswira, maganarsa ce ta fito. A shafukan tambayoyinmu mun tambayi kowa inda yake ɗibar ruwa, ba mu taɓa tambayar kowa me yake ganin yana kawo ciwon ba.

A aji kowa ya san sunan John Snow, likitan da ya danganta kwalarar Landan ta 1854 da famfon titin Broad Street. Wanda ba a cika ambata ba shi ne Henry Whitehead, mataimakin limamin cocin unguwar, wanda ya san gidajen da mutanen cikinsu. Da farko ma bai yarda da Snow ba, ya bi gida-gida don ya ƙaryata shi, sai ya ƙare da gano jaririyar da aka zubar da ruwan wankin tsummanta a ramin da ke dab da rijiyar. Ni a ganina duk aikin jami'a da ya shiga al'umma yana da nasa Whitehead ɗin, kuma sau da yawa sunansa ba ya shiga rahoto, ko sisi ba a ware masa a kasafin aikin. Wannan bai dace ba, kuma gyara shi ba shi da wuya.

Ba sabon tunani ba ne. Tun 1940 Sidney Kark da matarsa Emily suka buɗe cibiyar lafiya a Pholela ta Afirka ta Kudu, suka horar da 'yan yankin su riƙa shiga gidaje suna ajiye bayanan lafiyar kowane iyali. Sanarwar Alma-Ata ta 1978, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka jagoranta, ta ce haƙƙin mutane ne kuma nauyi ne a kansu su shiga tsarawa da aiwatar da kiwon lafiyarsu. Mun rubuta wannan a jarrabawa. Abin da ke kawo cikas shi ne kalandar jami'a: zango yana ƙarewa, kuɗin tallafi yana ƙarewa, ɗalibai suna sauyawa, ciwo kuma yana nan inda yake.

Malam, Allah ya saka masa, ya yarda muka sauya makon ƙarshe. Maimakon mu koma mu fara rubutu, muka kira taro, muka zana taswirar a babban kwali, muka faɗi abin da muka gani da harshen da kowa ke ji. Nan take suka gyara mana kurakurai: gida biyu mun sa su a inda ba nan suke ba, yarinya ɗaya mun ƙirga ta sau biyu. Mu mun zo da shawarar a riƙa zuba sinadarin kulorin a rijiyar. Su suka ce a fara ɗaure bakinta da siminti a yi mata murfi, don wannan suna iya yi da hannunsu ba sai sun jira kowa ba. Tasu aka bi. Littafin da muka rubuta awon yara a ciki muka bar wa ma'aikaciyar lafiyar da ke zaune a can, muka tafi da kwafi.

Ranar da za mu tashi na koma gidan tsohuwar da sakamakon bara. Na gaya mata gaskiya cewa awon jinin da ya shekara ya riga ya tsufa, ba za a ɗora magani a kansa ba, sai an sake. Biyu daga cikin jikokinta jininsu ya yi ƙasa a lokacin. Muka kai su ɗakin shan magani tare, aka sake huda musu yatsa, aka karanta mata lambar a gabanta. Ɗaya ya farfaɗo da kansa, ɗaya aka ba shi maganin ƙarin jini na wata 3. Ta ninke takardar gida huɗu, ta dube ni ta ce, "'Yata, baɗi wa za a turo? Ki gaya masa ya fara da gidan nan."